Ƙodar Baffa

Ranar da likita ya ce ƙodojin Baba sun gaza, Baffa, wato yayansa, ya bugi ƙirji a gaban dangi ya ce, "Ina raye ƙanena zai dogara da inji? Tawa zan ba shi." Gwaggo har da hawaye. Ni dai aka bari da kai Baba wankin ƙoda sau uku a mako.

Sai da aka yi wata biyu sannan Baffa ya leƙo asibitin, kayansa sun sha guga, turarensa ya cika ɗakin. Ya sunkuya kan Baba yana ɗaukar hotonsu a waya, yana neman inda fuskarsa za ta fi haske.

Ana cikin awa ta uku ta wankin Baba ya fara hamma, gumi ya keto masa. Ya ce ƙafarsa ta ƙage, sai amai, sai idanu suka juye. Injin ya ɗauki ƙara. Nas ta rugo ta sauke kan gadon, ta ɗaga ƙafafunsa, ta buɗe masa ƙarin ruwa.

"Jininsa ne ya faɗi," in ji ta. "Riƙe hannun nan kar allurar ta fita. Malam, miƙo min kwanon can."

Malam ɗin ya yi layar zana. Sai ƙamshinsa.

Bayan Baba ya farfaɗo na iske Baffa cikin mota, ya ɗage gilashi.

"'Yata, babban likita na fito nema."

"A mota yake zama, Baffa?"

Ya ce ba ni da kunya. Da aka sa ranar gwajin jininsa don a ga ko ƙodarsa za ta dace da Baba kuwa, sai ya aiko cewa an gano masa ciwon suga. Takardar ba wanda ya gani, amma lemon kwalba bai bar hannunsa ba.

Kwana biyu Baba bai iya miƙewa sai na tallafe shi. Likita ya rage ruwan da ake cire masa, ya canza lokacin shan maganinsa. A kwana na huɗu ya dafa bango ya taka har ƙofar gida, ya zauna yana haki. Maƙwabcinmu mai gyaran keke ya gaishe shi, ya ce an ce Baffa ne ya ceci ransa.

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ƙwarai. Ya ba nas wuri."