Motar Barrie Ta Ɗauki Wuta

Noelene na tsaye a kantin magani a garin Bourke, tana jiran a haɗa wa mijinta Barrie ƙwayoyin hawan jini, sai wayarta ta yi ƙara. Tun da suka kafa motarsu mai ɗaki da kicin a bakin kogin Darling, a gonar wani makiyayi da ke saukar da matafiya, wayar ba ta ga sabis ba sai yau.

Wata mata ce daga kamfanin da ya sayar musu da motar. Ta ce sun daɗe suna nemansu. An gano cewa a irin motarsu akwai wayar lantarki a ƙarƙashin gado da ke gogar ƙarfe har ta sale. In motar na jone da wutar sansanin da suka sauka, duk jikinta na iya ɗaukar lantarki ya ja wanda ya taɓa.

"Tana jone yanzu?" matar ta tambaya.

"Tun ranar da muka sauka. Saboda firij."

"To, kada kowa ya taɓa ƙofa ko matakala. A fara kashewa daga jikin sandar da kuka jona."

Nan Noelene ta tuna karensu, da kwanan nan ya ƙi hawa matakalar, sai dai ya tsaya yana kuka, Barrie na tsokanarsa wai tsufa ne. Ta bar maganin a kan kanta ta fita a guje.

Kerrin, maƙwabciyarsu a sansanin, wadda ta rage mata hanya zuwa gari, tana zaune a a-kori-kurarta tana cin burodi mai nama. Da jin bayanin ta jefar da burodin ta taga ta tayar da mota. Ta yi ta kiran mai gonar ta rediyon oba-oba na motar, shiru, yana can wajen tumaki. Kafin su bar kwalta hadari ya haɗu, ruwa ya kece.

"Wataƙila mijinki yana ciki yana sharar barci," in ji Kerrin.

"Ba ki san Barrie ba. Da ya ga yayyafi zai fito naɗe rumfar motar. Ba takalmi ma."

Jar ƙasa ta zama taɓo, motar na wutsil-wutsil, Noelene ta ƙanƙame kujera har yatsunta suka sage.

Tun daga nesa suka hango rumfar a karkace, karen na zagaye yana haushi. Barrie na kwance a taɓo, ƙafarsa dab da matakalar. Noelene ta diro tun mota ba ta gama tsayawa ba. Kerrin ta biyo ta, ta cafko wuyan rigarta.

"Sake ni!"

"Ki taɓa shi ku zama biyu? Tsaya nan, in kin motsa sai na mare ki!"

Kerrin ta zagaya nesa da motar mai ɗakin zuwa sandar wuta. Murfin akwatin makunnin ya cije, ta yi ta dukansa da tafin hannu. Noelene na tsaye ruwa na dukanta, tana ƙwala wa mijinta kira, ta kasa gane ko ƙirjinsa na motsi.

"Na kashe! Je ki!"

Noelene ta zube a gabansa ta tallabo kansa. Yana numfashi. Tafin hannunsa na dama ya yi fari fat, ya ƙone. Can ya buɗe ido.

"Noel, wani abu ya harbe ni kamar bijimi."

"Yi shiru, tsoho. Yi shiru."

Su biyu suka cicciɓe shi zuwa a-kori-kurar, suka sake ratsa taɓon zuwa Bourke. Likita ya riƙe shi yana duba bugun zuciyarsa, ya ce faɗuwar da ya yi baya ce ta raba shi da ƙarfen. Da hanya ta bushe kamfanin ya aiko aka ja motar. Barrie tun yana gadon asibiti ya fara zancen su nausa arewa da zarar an gyara. Noelene ta ce a masauki za su riƙa kwana, sai ranar da aka ɗaga gadon ta ga sabuwar wayar lantarkin da idonta.