Fankar da Ba Tata Ba

Minti arba'in kwamfutar take yi ta mutu. Ba gargaɗi, ba ƙara, sai dai allon ya yi baƙi ƙirin, Sista ta ga fuskarta a ciki, baki buɗe. Ranar Litinin ta mutu sau uku, ranar Talata sau biyar. Jarrabawar kuwa ranar Alhamis ce da safe, awa biyu cur ta intanet, kuma doka a fili take: wanda na'urarsa ta ɗauke ana tsaka da amsa tambayoyi, sai baɗi.

Shekara goma sha ɗaya tana aikin jinya a ɗakin yara, har sunanta ya ɓace. A asibiti Sista ce, a gida kuma Yaya. Wannan jarrabawa ce za ta ba ta shugabancin ɗakin. Sau biyu tana ɗage ta, na farko saboda rasuwar mahaifinsu, na biyu saboda ciwon ƙafar Mama. Bana ta ce ko ana ha-maza-ha-mata sai ta zauna.

Autansu, wanda gida ke kira Injiniya tun da ya gama karatun kwamfuta ya dawo ya zauna, shi ya karɓi kwamfutar makonni biyu da suka wuce, wai zai share mata ƙura. Da ta gaya masa abin da ke faruwa, ya ce caja ce. Ta aro cajar wata abokiyar aikinta, ta mutu. Ya ce batir ne. Ta cire batirin ta haɗa ta da wuta kai tsaye, ta mutu. Ya ce to ƙwayar cuta ce ta shiga, kuma ita ta jawo, da yawan buɗe shafukan da ba ta sani ba. Ta ɗora ta a kan littattafai biyu don iska ta ratsa ƙasanta, sai ta ƙara minti biyar kacal. Da ta taɓa gefen hagu, sai da ta janye hannu don zafi.

Ranar Laraba ta roƙi a canza mata lokacin aiki, ta kai ta wurin wani mai gyara a bayan tashar mota. Shagon bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, matattun kwamfutoci jere har rufi. Dattijo ne mai tabarau da aka ɗaure da zare. Ya saurare ta har ta gama, ya kunna kwamfutar, ya kara kunnensa a gefenta, ya daɗe a haka kamar likita a ƙirjin jariri. Ya ce ba ya jin numfashinta.

Ya kife ta, ya duba kusoshin, ya nuna mata yadda kawunansu suka cinye, biyu ma babu su. Ya ɗaga murfin. Ya juyo da ita ta gani. Inda fanka take zama akwai fanka, amma ƙarama ce, ba ta cika gurbin ba, an manne ta da gam, wayarta ma ba a jona ko'ina ba. Ya hura ta da baki, ba ta motsa ba. Ya yi mata bayani cewa idan zafi ya taru babu mai fitar da shi, na'urar kan kashe kanta don kada ta ƙone. Ya kuma nuna mata wani gurbi fayau, ya ce nan ma akwai ɗan allon da ke ba ta sauri, an zare shi. Kayan irin wannan samfurin suna da kasuwa, in ji shi, ba sa kwana a shago.

"Wa ya buɗe miki ita, Hajiya?"

"Ƙanena."

Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa. "To, wataƙila kuskure ne," ya ce, bai dube ta ba.

Ya buga waya wurare huɗu, babu mai irin fankar sai mako mai zuwa. Kwamfutar aro kuma ba za ta yi ba, domin da wannan ta yi rajista, an rufe canji tun makon jiya. Ya shafa sabon man sanyaya, ya bar murfin ƙasa a buɗe, ya ce ta sa ta a gaban fankar ɗaki. Bai yi mata alkawarin komai ba.

Ta tarar da Mama a falo tana shafa magani a gwiwa. Injiniya ba ya nan. Ta ajiye kwamfutar a kife a kan tebur, ta faɗi abin da ta gani, tana jiran salati. Mama ta ci gaba da shafa maganinta.

"Cewa ya yi ba za ki gane ba. Wai ba zai rage ta da komai ba."

Sista ta zauna a hannun kujera. Ashe da sanin Mama. Ashe makonni biyun nan da take ta aron caja, tana kuka da sa'arta, su biyun suna kallonta. Mama ta ce yaron an kira shi ganawar neman aiki, ba shi da takalmin kirki, kuma ya ji nauyin sake tambayarta. Ta ce ita Sista ai tana da aikinta, Allah ya rufa mata asiri, kada ta tozarta ɗan'uwanta a kan guntun ƙarfe. Da ya dawo da yamma, takalmin yana ƙafarsa. Sista ta kalle shi ta faɗi kalma ɗaya, wadda ba ta taɓa faɗa wa kowa a gidan ba. Ya shige ɗaki ya banko ƙofa.

Da safe ta jera kwamfutar a kan littattafai, ta kunna fankar tsaye a lamba ta ƙarshe, ta buɗe tagogi. Tambayoyin suka zo mata kamar ita ta rubuta su. Adadin ruwan da ake ƙara wa yaron da ya bushe, alamomin da ake tashin likita a kansu, abubuwan da hannunta ya sani tun kafin ta karanta su a littafi. Ta wuce minti arba'in. Ta wuce awa ɗaya. Har ta fara yarda. A tambaya ta saba'in da uku cikin ɗari, tana shirin danna amsar da ta tabbatar daidai ce, allon ya ɗauke.

Ta kunna ta sake shiga. Shafin ya gode mata, ya sanar da ita cewa an rufe zamanta.

Ta daɗe zaune, fanka tana kaɗa takardunta suna zuba ƙasa. Sannan ta tashi ta sa farin kayanta, domin tana da aikin rana. Tana ɗaura agogo Mama ta leƙo, ta tambaya ko an gama. Ta ce an gama. Mama ta ce madalla, sannan ta rage murya ta ce autan tun jiya bai sa komai a cikinsa ba saboda maganar da ta faɗa masa, ga ciwon kai ya hana shi sakat, in za ta dawo ta taho masa da magani.

Sista ta rataya jakarta.

"Gaban kan ne ke masa ciwo, ko ƙeya?" ta tambaya.