Rigar Namadi a Kan Gawar Sule

"In tsohuwar nan ba ta zo kotu ba, mun faɗi," in ji Metir Abdul Razak, tun Lailatu ba ta gama zama ba.

Shi ne lauyan mijinta Namadi, wanda ya karɓi shari'ar bayan an yanke wa Namadi ɗaurin rai da rai. Wani aiki ya biyo da shi Tasawa, ya iske ta a rumfar da take tuyar ƙosai bakin tasha.

"Goggo Hussaina? Metir, uwar mamacin ce fa. Ko gaisuwata ba ta amsawa."

"Na sani, Madam. Amma dubi abin da ke hannun masu gabatar da ƙara. Ba wanda ya ga mijinki ya sari Sule. Sun ce a kasuwar Hawandawaki ya ce mashi sai ya yanka shi. Sun iske rigarshi kan gawa, jini ko'ina. Sannan jandarmomi sun kama shi ba riga bisa hanyar kudu, wadda ke fita Najeriya. Da wannan aka ɗaure shi."

"Taubashinshi ne! Tun suna yara haka suke, wannan ya ce bawana, wancan ya ce sai na yanka ka. Kowa dariya ya yi ranar."

"A takarda ba a rubuta dariya ba. An rubuta barazanar kisa."

Mai na ƙonewa a kasko, Lailatu ta janye itace. Ta san labarin kamar sunanta. Namadi ya je gona da hantsi, ya iske Sule kwance a tasa gonar da ke maƙwabtaka, an sare shi a ƙeya, shanun amalankensa sun ɓace. Ya tuɓe riga ya rufe shi, don ba a barin gawar Musulmi a buɗe. Bai nufi gidan Goggo ba, don ba a faɗa wa uwa mutuwar ɗanta kai tsaye, babba ake nema ya kai labari. Maigari kuwa ya tafi suna wani ƙauye ta kudu, sai Namadi ya bi shi da gudu. Kafin ya isa, makiyaya sun ga gawa, an yi waya, motar jandarmomi ta tare shi a hanya.

"Mijinki ya faɗa mani wani abu da ba wanda ya tambaye shi a kotun farko," in ji Metir. "Ya ce ya gyara gawar. Mutanen gari suka ɗauke ta kafin a rubuta yadda take. Matar da ta fara yaye rigar nan ita ce Goggo. Alhamis ake zaman ɗaukaka ƙara, Madam. Daga nan ba wata dama mai sauƙi."

Washegari Lailatu ta hau kabukabu, babur na haya, zuwa ƙauyensu. Yashi ya yi ta kama tayar babur, suna sauka suna turawa. Tunda dangin Sule suka ƙone mata rumbu ba ta sake taka ƙauyen ba.

Ta iske Goggo Hussaina ƙarƙashin itacen bedi, wato darbejiya, tana ɓarar gujiya. Ta tsufa ƙwarai, wuyanta ya zama kamar kara. Ita ce ƙanwar uban Namadi, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsa, shi da Sule tabarma ɗaya suka tashi.

Lailatu ta durƙusa. "Ina wuni, Goggo."

Tsohuwa ta ci gaba da ɓara.

"Goggo, tari yake yi a kaso har da jini. In aka sake tabbatar mashi da hukuncin nan, gawarshi za su ba ni."

"Ni ma gawa aka ba ni."

"Ba roƙon ki yi ƙarya na zo yi ba. Abin da idonki ya gani kawai. Yaya kika iske shi?"

Hannun Goggo ya tsaya. 

"Bisa hannun dama," ta ce a hankali. "Fuska gabas. An rufe mashi ido. An yagi bakin riga an ɗaure mashi haɓa, ɗaurin gefe, irin wanda na koya masu ranar da malam maigidana ya rasu."

"To Goggo, mi ya hana ki faɗi?"

"Wa ya tambaye ni? Maza suka tafi shari'a, aka ce in zauna in yi haƙuri." Ta ture ƙwaryar gujiya gefe. "Kuma in ba shi ba ne, wa ne? Wanda ya kashe mani yaro yana can yana cin tuwo, ban san fuskarshi ba? Gara in san inda mai laifin yake kwana."

"Ko da ba shi ba ne?"

Kafin ta amsa, Gajere ya shigo, ƙanen Sule, da hauya a kafaɗa. Yana ganin Lailatu ya jefar da ita.

"Matar mai kisa a gidanmu? Tashi ki fita tun ina ganin mutuncin zanenki!"

"Gajere, yayanka ne fa."

"Yayana na cikin ƙasa. Inna, in kika bi ta, kin tona mashi kabari."

Lailatu ta fita tana kuka. Ta faɗi rana da sunan kotu daga bakin zaure, ba ta san ko an ji ba.

Ranar Alhamis ɗakin kotun ɗaukaka ƙara ya cika da masu jiran shari'o'insu. Aka shigo da Namadi. Lailatu ta kusa kasa gane shi: kafaɗun da ke ɗaukar damin gero biyu sun zube, gemu ya yi fari. Ya neme ta da ido, ya ɗaga mata kai, tari ya turnuƙe shi.

Mai gabatar da ƙara ya yi magana da Faransanci, tafinta na juyawa. Barazana, jini, gudu. Metir ya tashi ya ce ba makami, ba shaidar ido, ba a ga shanun a hannun Namadi ba. Alƙalai uku suna saurare, fuskokinsu ba sa nuna komai. Metir ya yi ta waiwayen ƙofa.

"Kuna da shaida, Metir?" in ji shugaban kotu.

"Ranka ya daɗe, muna..."

Sanda ta ƙwanƙwasa siminti. Goggo Hussaina ce, mayafinta duk ƙurar hanya, Gajere na biye da ita yana magana ƙasa-ƙasa cikin fushi. Ba ta kula shi ba.

Aka rantsar da ita. Shugaban ya bar Faransanci ya koma Hausa.

"Inna, mene ne sunan mamacin?"

Ta sunkuyar da kai. "Yaron dai."

Shugaban ya gane ɗan fari ne, bai matsa ba. Ta faɗi yadda ta iske gawar, hannun dama, gabas, ido, haɓa. Ta faɗi wasan da ke tsakanin ɗanta da Namadi.

"Ni kaina Namadi ya sha ce mani, Goggo, yau bawan nan naki ba zai kwana da kai ba. In ce mashi ka yanka, ka kawo mani hanta."

Wani ya yi dariya a baya, ya haɗiye ta.

Mai gabatar da ƙara ya miƙe. "Inna, wanda ya yi kisa ya yi nadama, ba zai iya ɗaure haɓa ba?"

"Zai iya."

"To kin ga wanda ya kashe ɗanki?"

"Ban gani ba."

"Ke nan ba ki san ko shi ne ba."

Goggo ta juya ta dubi Namadi, karon farko tun ranar. Ya kasa haɗa ido da ita.

"Ban sani ba, ɗana. Allah ya sani. Amma kai ma ba ka sani ba, kuma kun ɗaure shi."

Alƙalai suka shiga ciki. Lailatu ta zauna a dakalin waje, ba abin da take iya karantawa sai salati. Bayan la'asar aka kira su. Tafinta ya juya hukunci: hujjojin ba su kai a tabbatar da laifi ba, akwai shakka, an soke hukuncin farko, a saki Namadi.

Lailatu ta faɗi ta yi sujada a kan siminti. Metir ya share gumi. Namadi kuwa ya tsaya kamar ba da shi ake ba.

"Metir, sun ce ban yi ba?"

"Sun ce ba su tabbata ka yi ba."

"Ba ɗaya ba ne ke nan."

"A doka ya isa, Malam Namadi."

Sai da aka koma kaso aka gama sa hannu, rana ta yi ja, sannan ya fito. A bakin ƙofa suka iske Goggo zaune a ƙasa, Gajere na kan babur ya kunna shi.

"Kotu ta sake ka, mu ba mu sake ka ba," in ji Gajere. "Gonarka mun nome ta. In ka taka garinmu, a bakin ranka."

Namadi bai ko dube shi ba. Ya cire takalmi, ya durƙusa gaban tsohuwa.

"Goggo, ya haƙuri? Ya haƙurinmu? Allah ya jiƙan shi, ya sa ya huta."

 Ta miƙa hannu ta taɓa farin gemun, ta shafa ƙashin kumatunsa.

"Da godiya," ta ce. "Ba su ba ka abinci ne?"

"Inna, dare zai yi mana," in ji Gajere.

Ta dafa sanda ta tashi. Can za ta koma, gidan da ba wanda zai yi mata magana yau. Babur ya ja, ta riƙe rigar Gajere, ba ta waiwayo ba.

Namadi ya zauna a inda yake, tari ya taso masa, ya daɗe bai sake shi ba. Lailatu ta riƙe shi har ya lafa, ta goge masa baki da gefen mayafi, ta ɓoye abin da ta gani.

"Ina za mu?" ya ce.

"Likita tukuna. In ka samu sauƙi, wajen iyayena, can Mayahi."

"Ko kabarinshi ban gani ba, Lailatu."

Ta ɗauko masa takalman, ta sa masa ɗaya bayan ɗaya, suka nufi tasha a hankali.