Ranar da Aka Naɗe Inuwar Darbejiya

Jiya da dare na yi wani mafarki, ga shi har yanzu wuyana yana ciwo kamar na wanda ya yi dako.

Wai ga ni a wurin sana'ata, bakin titin kamfanin sabulu, inda nake facin taya. Akwai wata darbejiya a wurin. Shekarun baya kamfanin ya fito da mutane cikin korayen riguna, suka dasa itatuwa tun daga ƙofarsu har kwanar titi, aka yi hoto, aka tafa, aka watse. Awaki suka bi dashen suka cinye, ita kaɗai ta tsira. A ƙarƙashinta nake aiki, a nan kuma Baba Sallau mai rake yake wuni. Ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. Da safe ɗansa ke kawo shi a babur, sai magariba ya dawo ya ɗauke shi. Rana kuwa ba ta yi masa, da ta dake shi sai jiri.

Ina cikin ba taya iska sai ga awaki biyu, kowacce da katin aiki a wuya. Suka yi sallama, muka amsa. Suka durƙusa a bakin inuwar, suka fara naɗe ta kamar tabarma.

Ɗayar ta ce, "Baba, ɗan ɗaga ƙafa."

Na ce, "Ranku ya daɗe, lafiya dai?"

"Lafiya lau, bincike ne. Ba a san niyyar da aka dasa bishiyar nan da ita ba. In don Allah ne, a dawo muku da inuwa. In don riba ce, ta tafi sito."

Suka ɗaure ta da igiya suka tafi. Bishiya tana nan tsaye da ganyenta, amma ƙasanta rana tarwai. Na cire rigata na yafa wa Baba Sallau. Rana ta sauko ta ɗaga rigar ta leƙa.

Ya ce, "Haladu, ɗan nan, bi su. Ka dawo da ita kafin azahar, in ba haka ba ni da raken nan tare za mu bushe."

Sai kawai ga ni cikin kamfanin. Ana ruwan sama, amma daga ƙasa yake tashi. Daga kwatar kamfanin yake fitowa da kumfarsa, yana hawa, gajimare suna ta atishawa. Wani mutum yana kan tsani da bokitin fenti, yana shafa wa hayaƙi kore.

Na ce, "Sannu da aiki."

Ya ce, "Yawwa. Kada ka shaƙi na wancan gefen, bai bushe ba."

Na gode masa na wuce.

Ofishin binciken yana can ƙurya. Shugaban wani bunsuru ne mai tabarau, yana zaune bayan tebur yana tuƙa. An jingina inuwarmu a bango, ɗakin duk ya yi sanyi. A kan benci ga manajan kamfanin cikin koriyar riga, ya rungume wata ƙwarya da murfi. A ƙasar nan haka ake yi, kowa da niyyarsa a ƙwarya.

Aka juye tasa a faifai. Gero ne da tsakuwa a haɗe. Aka ba wata tsohuwar akuya, masinjar ofishin, ta bakace. Ta yi ta yi. In ta cilla sama, gero ya sauko tsakuwa, tsakuwa ta sauko gero.

Bunsuru ya ce, "Manaja, yi bayani."

Manaja ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan ɓoye ba. Masu sayen sabulunmu sun ce sai sun ga kore, muka nuna musu kore. Amma ranar da na sa dashen nan a rami, na tuna wata bishiya a ƙofar gidan kakata. Na ji wani abu a nan." Ya dafa ƙirji.

"Ya daɗe?"

"Har mai hoto ya ce an gama."

"Kwatar nan da ke kumfa a bayan gidajen mutane fa?"

"Tana cikin shirin baɗi."

"Bara ma haka ka ce."

"Ai shirin yana nan sabo, ranka ya daɗe, ko taɓa shi ba mu yi ba."

Ni dai tausayi ya ba ni. Gumi yake yi, koren rigar yana zuba a benci.

Bunsuru ya juyo kaina. "Kai ne mai ba bishiyar ruwa?"

Na ji daɗi. Na ce a raina, in ta kamfani ba ta ci ba, tawa za ta fanshe mu. Na laluba aljihu, ga ƙwarya. Aka buɗe. Baƙin ruwa ne a ciki.

Mu masu faci muna da baho. A ciki muke tsoma robar taya mu ga inda iska ke fita. Kafin yamma ruwan ya yi baƙi, dole a zubar. Ni a gindin darbejiya nake juye nawa, tun tana 'yar tsinke.

"Me ya sa a gindinta?"

Na so in ce don lada, sai ruwan ƙwaryar ya fara fitar da kumfa, irin na roba mai huji. Na ce, "Kwata tana da nisa, bahon kuma da nauyi."

"Lalaci ke nan."

"Gajiya dai, ranka ya daɗe."

"A nan ofishin sunansu ɗaya."

Na leƙa taga. Can na hango Baba Sallau, ya ƙanƙance, rana ta zauna daram a kan hularsa. Raken da ke gabansa ya lanƙwashe. Ladan kuma ya fara gyaran murya.

Tsohuwar akuya ta ajiye faifai. Ta ce, "Shugaba, tunda yau ana buɗe ƙwarya, taka fa? Mu da muka cinye sauran dashen, me ya sa muka bar wannan?"

Bunsuru ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Iya, ke fa masinja ce."

"Na sani. Na kuma san uwarka."

Bunsuru ya ce, "Ɗaci. Mun gwada ta ya fi a ƙirga."

Ya mayar da tabarau ya yanke hukunci. Ya ce wani ya dasa don hoto, wani ya shayar don lalaci, su kuma sun bari don ɗaci. Babu mai haƙƙin inuwar nan a ɗakin nan. A kai ta sito.

Awaki biyun nan suka kama igiya. Ban san lokacin da na riƙe ɗaya bakin ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai wanda ba ya ɗakin nan. Bai dasa ba, bai shayar ba, ko ƙwarya ba shi da ita. Rana ce kawai take dukansa."

Aka nemi dokar da ta yi magana a kan mutumin da ba shi da ƙwarya. Ashe da takardarta awakin suka karya kumallo. Bunsuru ya daɗe yana tuƙa, kamar yana neman ta a bakinsa. Sannan ya ce, "Ɗauka ka kai masa. Aro ne."

Manaja da kansa ya taya ni ɗorawa a ka. Yana ɗora mini, na ji ya manna wani abu a jikinta. Tambarin kamfani ne.

Ya ce, "Yi haƙuri, mun saba ne. In za ka shimfiɗa, ka kira mu mu yi hoto."

Na ce, "Ku zo, Allah ya saka da alheri. Amma ku biyo ta bakin kwata, ku gaisa da ita."

Ashe inuwa nauyi ne da ita. Na yi ta tafiya, sanyinta yana ɗiga mini a baya. Na iso ladan yana kai hannu kunne. Na kwance igiya na baza ta. Rana ta tashi daga kan hular, ta kakkaɓe jikinta, ta koma sama. Rake ya miƙe. Baba Sallau ya daɗe bai motsa ba, har na durƙusa ina kiran sunansa. Sai ya buɗe ido ɗaya.

Ya ce, "Ka shimfiɗa ta a karkace."

Na gyara. Na ba shi labarin ƙwaryoyin duka, na ce, "To Baba, yanzu wa za mu gode wa?"

Ya ce, "Babban kaso ka san Mai shi. Sauran ka yayyanka kamar rake, kowa ya samu gaɓa. Manaja a ba shi ta wajen ganye, har sai ya gyara kwata."

Ya fere mini gaɓa ɗaya, mai kauri, ta wajen gindi. Na kai baki ke nan sai na ji ƙarar-ƙarar-ƙarar a kan siminti.

Na farka. Gari ya waye. Akuyar maƙwabta ce ta tura kai cikin bahona a tsakar gida, tana jan sa. Na ɗauki takalmi zan jefe ta, sai na ajiye, na bari ta gama sha.