Aikin Ƙarshe na Baba Zakka

"Ɗan Nijar ɗin dai za mu je masa. Amma Auta, ku cire ni a ciki."

Tasi'u mai walda ne ya faɗi haka, yana tsaye a tsakar gidan Baba Zakka, ko zama ya ƙi yi. Mu bakwai ne a wurin da hantsin ranar Talata. Baba Zakka yana kwance a kan katifar da matarsa, Mama Esta, ta shimfiɗa masa a baranda, don ya ce ɗaki ya ishe shi. Ƙafafunsa sun kumbura har ba sa shiga silifa. Ciwon ƙoda ne, kuma tun makon da ya wuce likita ya ce a dawo da shi gida.

Ni Radiyya, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu a Sabon Gari. Ɗinki nake yi, kuma ni ce magatakardar ƙungiyar unguwa da Baba Zakka ya kafa shekara shida da suka wuce. Aikinmu ba shi da yawa. In an kama wani ɗan unguwa, mutum biyu su tafi caji ofis, su tambayi laifinsa, su ga lafiyarsa, su kira lauya, kada a bar shi shi kaɗai. Baba Zakka ya san aikin ciki da waje, don sajan ne na 'yan sanda kafin ya yi ritaya ya kama gadi a jami'a.

Waɗanda aka kama da safen nan su biyu ne. Ɗantani mai ga-ruwa, mutumin Maraɗi, da Auta mai abinci a bakin titi. Auta ɗan daudu ne, kowa ya sani. Kowa kuma yana cin tuwonsa, amma ba kowa ke son a gan shi tare da shi ba. Wani ne ya kai ƙara wai ana taron banza a rumfarsa. Da 'yan sanda suka zo, Auta kaɗai suka tarar yana yanka albasa, sai Ɗantani da ke juye masa ruwa a duro. Suka haɗa su biyun suka jefa a mota.

"Tasi'u, zo nan," in ji Baba Zakka. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai da Tasi'u ya durƙusa.

"Na'am, Baba."

"Bara da aka kama ƙaninka a kan babur, wa ya tambaye ka halinsa kafin mu tafi?"

"Babu. Amma wannan daban ne, Baba. Ina da 'ya'ya mata. Gobe a ce ƙungiyarmu ta 'yan daudu ce."

"Za a faɗa. An ce ta arna ce, don ni. An ce ta 'yan Nijar ce." Ya tsaya ya yi numfashi. "Ban ce ka so shi ba. Ban ce ka ce abin da yake yi daidai ne ba. Cewa na yi mutum yana bayan kanta, kuma ba wanda ya san halin da yake ciki."

Tasi'u ya sunkuyar da kai. Sauran mazan ma kowa ya kalli ƙasa. Baba Zakka ya yunƙura zai tashi, ya ce a miƙo masa rigarsa. Mama Esta ta dafa kafaɗarsa ta mai da shi.

"Ina za ka da waɗannan ƙafafun? Kwanta, Baban Godiya."

Ban san lokacin da na ce, "Ni zan je, Baba" ba. Ban taɓa shiga caji ofis ba. Nawa dai rubutu ne a gida da kiran waya.

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Kin tambayi maigidanki?"

"Yana Gaya. Zan kira shi a hanya."

"To, saurara. Ki yi gaisuwa da kyau, kada ki ɗaga murya. Ki tambayi sunan wanda ke kanta, ki rubuta a gabansa. Ki ce a nuna miki inda aka shigar da sunayensu a littafi. Ki gan su da idonki. In an ce ki kawo wani abu, ki ce beli kyauta ne, ki yi shiru, kada ki ƙara ko kalma. Kuma ki kira lauyarmu, Barista Khaulat, tun yanzu."

Na saka hijabi na fito. Sai da na kai bakin titi ina tsayar da adaidaita na ji takun mutum a bayana. Tasi'u ne.

"Ba don shi ba," ya ce, bai kalle ni ba. "Ba zan bar mace ta shiga wurin nan ita kaɗai ba."

A ofishin, wani kofur ne a kanta yana cin gyaɗa. Na gaishe shi, na tambayi aiki, na tambayi iyali. Da na tambayi sunansa na fara rubutawa, sai ya ajiye gyaɗar.

"Hajiya, ke wace ce?"

"Maƙwabciyarsu ce, yallaɓai. Daga ƙungiyar Sajan Zakka."

Ya buɗe littafin. Sunan Auta yana ciki, amma wurin laifi babu komai. Ɗantani kuwa ba a rubuta shi ba sam.

"Wancan baƙo ne, ba shi da takarda," in ji kofur.

"To a rubuta hakan, yallaɓai. A sa sunansa da lokacin da aka kawo shi."

Ya rubuta. Aka fito mana da su bakin ƙofa. Leɓen Ɗantani ya fashe, yana ta maimaita cewa kurarsa tana can a titi da jarkoki goma na mutane. Auta an cire masa ɗankwalin da yake ɗaurawa a ƙugu in yana girki. Ya kalle ni, ya kalli Tasi'u, sai ya juya fuska bango.

"Malam Tasi'u, har da kai?" ya ce a hankali.

"Ka ci abinci?" Tasi'u ya tambaye shi da kaushin murya. Bai jira amsa ba ya fita ya sayo burodi da ruwan leda.

Barista Khaulat ta iso daga Kano bayan azahar. Ta shiga wurin babban jami'in, ta daɗe. Da ta fito ta ce mana babu mai ƙara da ya yarda ya bayyana, kuma maganar takardun Ɗantani ba a nan ake yin ta ba, ita za ta raka shi ofishin shige da fice a sabunta masa. Sai dai ana son mutum ɗaya mai sana'a a unguwa ya sa hannu ya tsaya musu. Ni ban zo da katin shaida ba. Muka kalli Tasi'u. Ya yi tsaki, ya laluba aljihu, ya ciro nasa. Da ya sa hannu aka sako su.

Da la'asar na shiga wurin Baba Zakka na ba shi labari. Ya sa na maimaita wurin da kofur ya ajiye gyaɗa, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Mama Esta ta ba shi ruwa a cokali, ta koma madafa.

"Radiyya, kin taɓa tambayar kanki me ya sa tsohon ɗan sanda yake bin 'yan sanda da littafi?"

"Na ɗauka don ka san hanya ne, Baba."

"Ina kurtu, a wani gari can gabas, aka kawo wani mutum. Makiyayi ne daga Chadi, ba ya jin Hausa, ba ya jin Turanci. Kwana uku yana buga ƙofa yana faɗin wata kalma guda. Ni ke gadi. Na ce ba ni na kama shi ba, ba ruwana. Rana ta huɗu da safe muka buɗe, ya mutu. Sai daga baya wani ya gaya mini kalmar. Magani yake cewa." Ya rufe ido. "Ko sunansa ba mu rubuta ba. Har yau ban san sunansa ba. Wataƙila uwarsa ta mutu tana jiran ya dawo."

Na gyara masa matashi.

"Esta ta sani. Fasto ya sani. Yanzu ke ma kin sani. Kada ki ba da labarin sai na tafi."

Washegari Ɗantani ya zo ya durƙusa a bakin baranda yana godiya, Baba Zakka ya ce ya tashi ya je ya nemi kurarsa. Auta bai shigo ba. Ya aiko da farfesun kifi a kwano mai murfi. Baba Zakka ba ya iya cin komai a lokacin, amma ya ce a buɗe a ajiye kusa da shi ya ji ƙamshin.

Ranar Juma'a da safe ina shara na ji Mama Esta tana waƙar coci a hankali ta bayan katanga. Ba ta saba waƙa da safe ba. Na ajiye tsintsiya na zagaya. Tana zaune a gefen katifar, hannunsa a cikin nata, 'yarsu Godiya ta kifa kai a kan gwiwarta.

"Ya tafi, Radiyya," ta ce. "Yanzun nan. Ya ce in buɗe masa ƙofar gida ya ga masu wucewa. Kafin in dawo, shi ke nan."

Kafin azahar layinmu ya cika. 'Yan cocinsu, masu gadin jami'a da kakinsu, 'yan acaɓa, limamin masallacinmu da ya zo ya yi wa Mama Esta ta'aziyya kafin ya wuce Juma'a. 'Yan Nijar masu ga-ruwa suka jera kurayensu a bakin layi, suka cika kowace randa da ke gidan ba wanda ya sa su. Har kofur ɗin nan na gani, cikin kayan gida, ya tsaya daga nesa kaɗan sannan ya tafi.

Auta ya zo da manyan tukwane biyu a baro. Ya tsaya a ƙofar gida, ya kasa shiga, mutane suna ratsa shi ta dama da hagu. Mama Esta ce ta hango shi. Ta taso da kanta, idanunta jawur.

"Auta, me kake yi a waje? Shigo. Murhu yana can baya."

Shi ya ciyar da masu zaman makoki kwana biyu. Wasu sun ci, wasu sun ce sun ƙoshi.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci aka sa akwatin a motar da za ta kai shi garinsu a Adamawa. Muka raka ta da ƙafa har bakin babban titi. Mama Esta ta leƙo ta taga ta damƙa mini makullin gidan, ta ce in riƙa ba kajinta ruwa. Muna tsaye har motar ta shige tsakanin manyan motocin da ke tafiya gabas, muka daina ganinta.

Da na koma rufe gidan, na tarar ba kowa sai mutum biyu. Auta ya wanke tukwanensa ya kife su a rana, yana ƙoƙarin naɗe babbar tabarmar da aka aro daga masallaci, tana ta warware masa. Tasi'u yana tsaye a bakin zaure yana kallo. Can sai ya cire takalmi, ya taka zuwa ɗaya gefen, ya sunkuya ya kama. Suka naɗe ta a hankali, suka jingine ta a jikin bango, kajin Mama Esta suna tsattsagar shinkafar da ta zube a inda take.