Wurin da Tsohon Tafki Yake

Shekara ashirin da shida na yi ina zana eriya kafin a haɗa ni aiki da Valarmathi, wata matashiyar injiniya, a wani fili kudu da garin Tirunelveli. Tasha aka ce mu tsara, wadda za ta riƙa aika saƙo ga jiragen ruwa masu tafiya a ƙarƙashin teku. Ruwan gishiri ba ya barin igiyar rediyo ta ratsa shi sai mai dogon zango ƙwarai, wadda tsawonta ya kai kilomita goma sha biyar. In aka kwatanta da wannan, hasumiyar mita ɗari uku da za mu gina tsinke ce. Dole a baza mata wayoyi a sama kamar laima, a kuma binne na tagulla a ƙasa, su watsu ta ko'ina.

Da muka auna ƙasar a watan Mayu, sai jikinmu ya yi sanyi. Ja ce, busasshiya, za ta shanye rabin wutar lantarkin a banza.

"A ƙara wa hasumiyar tsawo," na ce.

"Yallabai Chockalingam, matsalar ba a sama take ba."

"Kina rarrafe na fara wannan aikin."

"Shi ya sa wuyanka ya saba da kallon sama," ta ce, tana miƙo mini kofi.

Akwai wata tsohuwa, Pechiyammal, da ke kiwon awaki a filin. Wata rana ta tsaya tana kallonmu muna kafa sandunan awo.

"'Yar nan, ruwa kuke nema?"

"Danshi, Iya," in ji Valarmathi.

"To kun ɓata. Kin ga giginyoyin can da suka yi zobe? Tafki ne a zamanin kakana. Ya cike, amma ciyawar wurin ba ta taɓa mutuwa ba."

Valarmathi ta kwashi kayan awo ta tafi. Ƙasar can mai danshi ce, ta fi tamu barin lantarki ya ratsa ta ninki shida. Matsar da hasumiyar kuwa na nufin zanen da na yi wata takwas a kansa ya tashi aiki. Kwana huɗu takardar amincewa da hakan na kan teburina kafin na sa hannu.

Sai da masu shinge suka zo muka lura da abin da muka yi. Wurin da tsohuwar ta nuna mana shi ne kaɗai makiyayarta a rani, ga shi yanzu ya shiga cikin waya.

Valarmathi ta same ni ofis, ta ƙi zama.

"Tagullar a binne take. Me akuya za ta yi mata?"

"Doka ce."

"Kai manya suke jin maganarka, Yallabai."

Wasiƙa bakwai na rubuta wa hukuma. Na ce ciyawa mai tsawo na jawo gobara, awaki kuma sun fi injin yanka sauƙi. Bayan shekara guda aka yarda ta yi kiwo a gefen gabas kawai, nesa da hasumiya. Kafin nan Pechiyammal ta sayar da rabin garkenta.

Ranar da aka buɗe mata ƙofar, Valarmathi ta ba ta haƙuri.

"Ai ba ku tambaye ni ba, ni na faɗa," in ji tsohuwar. "Bakina ba ya riƙe magana."

Ta kora awakinta goma sha ɗaya suka shige.