Tukuici a Ƙofar Gidan Zalihatu

Jego ne ya kawo Hajiya Barira Doha. 'Yarta Haulatu, wadda take aikin nas a wani asibiti, ta yi haihuwar fari, aka aika mata da biza da tikiti, ta bar wa ƙanwarta shagonta na atamfa a Funtua ta taho. Gidan da suke haya a unguwar Al Wukair ɗaki biyu ne da falo. Mijin Haulatu, Surajo, mutum ne mai kunya, tun zuwan surukar tasa bai taɓa zama a falo tana nan ba. Da safe zai fito cikin riga mai guga, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ya wuce. Abin da Hajiya ta sani, kuma shi ta gaya wa kowa a Funtua, shi ne surukinta yana aiki a ofishin wani kamfanin tafiye-tafiye a unguwar Mushairib.

Abubuwa da yawa sun ba ta mamaki a garin, amma babu kamar yadda ake ƙara wa mutum kuɗi bayan an biya shi haƙƙinsa. Ranar suna ta fara gani. Wani mai aski Ba'indiye ya zo har gida ya aske wa jaririya kai, Surajo ya sallame shi, sannan ya sake cusa masa wani abu a hannu. Hajiya ta ja 'yarta gefe.

"Ba an yi ciniki da shi ba tun farko?"

"An yi, Mama. Wannan ihsani ne kawai."

"Ihsanin me? Aikinsa fa ya yi."

Bayan arba'in Haulatu ta kai ta wani gidan cin abinci na Turkawa. Suka ci suka ƙoshi, Haulatu ta biya da kati, ta ajiye takardar kuɗi ɗaya a ƙarƙashin faranti, ta saɓi jaririya ta yi gaba. Sai da suka kusa mota Hajiya ta buɗe hannunta tana murna.

"Ga shi, kin manta. Allah ya sa idona na kai."

Haulatu ta tsaya cak. "Mama! Na wanda ya yi mana hidima ne!"

"Na wa? Shi ba a biyansa albashi ne?"

Haulatu ta karɓe ta koma da sauri. Hajiya tana hangenta ta gilashi tana ba wa mutumin haƙuri, shi kuma ya dafe ƙirji yana murmushi. A hanya Haulatu ta yi ta bayani: ba dole ba ne a nan, babu wanda zai tare ki, amma albashin masu irin wannan aiki kaɗan ne, yawancinsu kuma iyali suke riƙewa a ƙasashensu. Mai aski a ɗan ƙara masa, mai kawo abinci teburi a bar masa wani abu, mai kawo saƙo a babur shi ma haka.

"Na mai kawo saƙo na yarda," in ji Hajiya. "Wannan tukuici ne, mun san shi tun ba a haife ki ba. Amma ƙato da gemunsa a miƙa masa canji kamar mai bara, ni dai da kunya. Allah ya raba zuri'ata da aikin jiran hannun mutane."

Haulatu ba ta ce amin ba. Ta ƙara wa rediyon motar murya.

Akwai wata 'yar Funtua a unguwar Al Gharrafa, Zalihatu, 'yar aminiyar Hajiya, mijinta injiniya ne. Ta daɗe tana naci sai Hajiya ta zo ta yini mata. Wata Asabar Haulatu ta sa mai tasi ya kai ta. Gida ne babba mai katanga da ƙofar ƙarfe, da bishiyar dabino biyu a tsakar gida. Suka yi ta hirar gida, wa ya mutu, wa ya aurar, har la'asar ta yi. Zalihatu ta ce ba za ta bar ta ta tafi ba sai ta ɗanɗana gasasshen kifin wani gidan abinci, ta danna waya ta yi oda.

An buga ƙararrawa Zalihatu tana kan sallaya, 'yar aikinta kuma ta fita. Kafin ta tayar da salla ta riga ta ce, "Hajiya, in ya zo ki karɓar mana, an biya. Ga riyal goma nan kan tebur, ki ba shi."

Hajiya ta yafa mayafi ta buɗe ƙofar ƙarfen. Babur na tsaye da babban akwati a bayansa. Mai babur ɗin ya juya mata baya yana ciro leda, sanye da rigar kamfani da hular kwano, ya rufe hanci da baki da ƙyalle saboda iska. Ya juyo da ledar a hannu. Yana ganinta sai ya ƙame.

Ta miƙa hannu ta karɓi ledar, ta miƙa masa kuɗin. Bai karɓa ba. Ya ja baya taku ɗaya.

"Ungo mana," ta ce da Hausa, don ita ke nan gare ta. "Tukuicinka ne."

Maimakon ya miƙo hannu, sai ta ga gwiwoyinsa suna lanƙwashewa. Ya durƙusa a kan kwalta, kansa a ƙasa, hannunsa ɗaya bisa gwiwa. Tun da ta zo ƙasar nan mutum ɗaya ne yake yi mata irin wannan durƙuso.

"Ina yini, Mama," ya ce a cikin ƙyallen.

Ledar ta kusa suɓuce mata. Ta dafa ƙofa. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Surajo?"

Ya zare hular. Gumi ya jiƙe masa kai, igiyar hular ta yi masa shaida a haɓa. Bai ɗago ido ba.

"Kai ne? Me ya... ina ofishin?"

"An rufe reshenmu, Mama, tun kafin Haulatu ta haihu. Na nemi irinsa ban samu ba. Wannan ne ya samu."

"Rigar da kake fita da ita fa?"

"A wurin ajiye babura nake canzawa."

Sai a lokacin ta lura har yanzu hannunta a miƙe yake da takardar kuɗin, tana nuna shi da ita. Ta rasa yadda za ta yi da hannun. Ta mayar, ya zama ta hana ma'aikaci abin da aka ba shi. Ta matsa masa, ya zama ta ba surukinta sadaka a bakin titi. Wayar da ke maƙale a kan babur ɗin ta yi ƙara, ta sake yi.

"Mama, ki yi haƙuri, wani saƙon ke jira."

"Tashi," ta ce. "Tashi ka tafi. Allah ya tsare."

Ya mayar da hular ya hau, har ya kusa tuntuɓe da ƙafar babur ɗin. Tana nan tsaye har ya sha kwana.

A ciki ta tarar da Zalihatu a bakin taga, ta idar da salla. "Hajiya, me ya faru? Na ga kin daɗe. Ya ƙi karɓa ko? Raina shi ya yi?"

Hajiya ta ajiye kuɗin a kan tebur. "Bai karɓa ba dai."

"Haka wasunsu suke yanzu, sun ga babban gida sai su sa rai da yawa. Har da zama a ƙasa, don ya ga tsohuwa! Ji yadda jikinki ke rawa. Bari kawai."

Zalihatu ta ɗauki waya tana dannawa da ƙarfi. Hajiya ba ta san me take yi ba, hankalinta ma ba ya wurin. Kifin da aka zuba mata ko rabi ba ta ci ba.

A cikin tasi tana komawa ta yi ta saƙa yadda za ta gaya wa Haulatu. Yarinya da ɗanyen goyo, a ce mata mijinta yana yaudararta kullum da riga mai guga? Duk babur mai akwati da ya gifta sai gabanta ya faɗi. Ba ta taɓa lura suna da yawa haka ba, suna kutsawa tsakanin manyan motoci kamar ba rai ne a kai ba.

Ta tarar da Haulatu tana shayar da jaririyarta Jannat. Ta zauna a gefen gado ta fara kewaye-kewaye, sai Haulatu ta katse ta.

"Ya kira ni, Mama."

"Ya gaya miki?"

"Ai na sani tun ranar farko. Ni na raka shi ya nemi lasisin babur."

Wannan ya fi na ƙofar gidan Zalihatu dukanta. "Kin sani? Ni kaɗai kuka mayar bare a gidan nan? Ina zaune kullum ina yi masa addu'ar ƙarin girma a ofis, ku kuna kallona?"

"Mun so mu gaya miki."

"Me ya hana?"

Haulatu ta gyara wa jaririyar kwanciya kafin ta amsa. "Mama, ke kika hana Fausiya auren Mashud don yana tuƙa keke mai ƙafa uku. A gabana kika ce ba za ki haɗa zuri'a da mai jiran fasinja ba. Surajo yana wurin ranar, ya zo gaishe ki. Bai manta ba."

Fausiya ƙanwar Haulatu ce, har yau tana gida.

"Kuma wannan abin da ake ɗan ba su," Haulatu ta ci gaba, muryarta a ƙasa, "shi yake tarawa daban. Da shi ya cika kuɗin ragon suna. Bai yarda na sa ko sisi ba."

Surajo ya dawo bayan magariba, da wuri fiye da kullum. Bai shigo falo ba, Hajiya tana jin su ta ƙofar ɗaki suna magana ƙasa-ƙasa. Can Haulatu ta fito idonta ja.

"Mama, me Anti Zalihatu ta rubuta?"

"Rubuta me?"

"Ta kai ƙararsa ta manhajar kamfanin. Ta ce ya raina tukuici, ya tsare tsohuwa a ƙofa yana roƙon ƙari har ya tsorata ta. Sun dakatar da shi, sun ce sai sun bincika. Irin wannan ƙarar tana iya cin aikin mutum."

"La'ilaha illallahu! Shi da ko kallon kuɗin bai yi ba!"

"In ita ta kira su ta ce kuskure ne, za su janye. Amma sai an gaya mata dalili."

Hajiya ta san Zalihatu, ba muguwa ba ce, amma magana ba ta kwana a cikinta. Abin da ta ji yau, gobe uwarta ta ji, jibi kuwa duk layin 'yan atamfa na kasuwar Funtua sun ji. Ta tuna matan da ta nuna wa hoton dogon ginin Mushairib a waya.

Daga bayan ƙofa Surajo ya yi gyaran murya. "Mama, a bar shi kawai. Zan je da kaina na yi musu bayani, ba sai an ambaci kowa ba."

"Za su yarda da maganarka a kan ta matar gidan?" in ji Hajiya.



"Miƙo min wayar nan," ta ce wa Haulatu. "Nemo min lambarta."

Zalihatu ta ɗauka da fara'a tana tambayar ko ta isa lafiya. Hajiya ba ta tsaya dogon gaisuwa ba.

"Zali, yaron nan da ya kawo kifi, ba roƙona ya yi ba. Gaishe ni ya durƙusa yi. Surajo ne, mijin Haulatu."



"Hajiya... Surajo na ofis?"

"Surajo na babur. Shi ne dai, guda ɗaya gare ni. Ki kira mutanen nan yanzu ki warware abin da kika ƙulla, don Allah."

Zalihatu ta shiga salati da rantse-rantse, ta ce wallahi ba ta sani ba, ta ce yanzu-yanzu za ta kira. Ta kuwa kira. Duk da haka sai da Surajo ya yi kwanaki a gida kafin a buɗe masa aiki, yana ɗaki, surukarsa tana falo, kowa yana kauce wa idon kowa. Zalihatu ta zo da kanta da turare da kayan jarirai tana ba da haƙuri, Surajo ya ce babu komai, ya fice masallaci tun lokacin salla bai yi ba.

Ranar da ya koma aiki, da hantsi, wayar Hajiya ta yi ƙara. Ƙanwarta ce daga shago, ana jin hayaniyar kasuwa a bayanta.

"Yaya, wata magana nake ji a gari, na ce ƙarya ne sai na ji daga bakinki. Wai mijin Haulatu acaɓa yake yi a can?"

Hajiya ta gyara wa Jannat zani a kafaɗarta.

"Ba mutane yake ɗauka ba, abinci yake kaiwa," ta ce. "Sauran kuma gaskiya ne. Wa ya gaya miki?"